Aska da Kayan Wanzanci a Andalus: Tambayoyi da Amsoshi

Idan ana zancen Musulmin Andalus, hankali yakan tafi ga fadoji da masallatai da ɗakunan karatu. Amma ɗaliban tarihi da ma'aikatan lafiya, har da wanzamai 'yan gado, suna yawan tambayar abin da ya fi kusa da fatar mutum: wa ke yi wa mutanen nan aski, da wace irin aska, wa ke yi musu ƙaho da kaciya? Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Su wane ne mutanen da ake magana a kansu, kuma a wane zamani?

Musulmin da suka zauna a ƙasar da yau take Sifen da Fotugal, tun shigar Ɗariƙu ɗan Ziyad a shekarar 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, tare da 'yan'uwansu na ƙetaren teku a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Turawa sun haɗa su duka sun kira su Moro. Akwai Larabawa a cikinsu, akwai Barbar, akwai 'yan asalin ƙasar da suka musulunta, waɗanda daga baya su ne suka fi yawa, akwai kuma baƙaƙen fata da suka fito daga kudancin Sahara. Yahudawa da Kiristoci na zaune tare da su a birane irin su Kurɗuba da Ishbiliya da Ɗulaiɗila. Mazhabar Musulmin Malikiyya ce, kuma wannan ya taɓa kusan duk abin da aska ke yi a jikinsu.

Da gaske su suka ƙirƙiro aska suka kai ta Turai?

A'a. Mutanen tsohuwar Masar suna aski da askar tagulla dubban shekaru kafin Musulunci, Rumawan da suka mulki Sifen kafin zuwan Musulmi su ma suna da wanzamansu. Abin da za a yaba wa mutanen Andalus ya fi ƙirƙirar aska nauyi: sun rubuta yadda ake aiki da ita, sun zana kayan aikin a littafi, sun kuma sa hukuma ta riƙa bin sawun mai riƙe da ita. Bayanin wannan yana cikin amsoshin da ke kan Zahrawi, likitan Andalus da ya rubuta littafin tiyata, da kan muhtasibi, mai sa ido kan kasuwa, a ƙasa.

Me da me ke cikin zabirar wanzaminsu?

Na farko askar aski, wadda suke kira musa, da dutsen da ake wasa ta. Sai almakashi na rage gashin kai da gashin baki da yanke farce, mataji na itace ko ƙashi ko hauren giwa, hantsakin tsige gashi, madubi na gogaggen ƙarfe, tasar ruwa, sabulu da mayafin da ake ɗaura wa mai aski. Wannan ɓangaren kwalliya ke nan.

Ɓangaren jini ya fi yawan kaya. Akwai ƙahon da ake kafawa, akwai 'yar tsaga da suke kira mishraɗi, akwai siririyar wuƙar huda jijiya mai suna mibla'i, wadda take da siffofi daban-daban gwargwadon jijiyar da za a buɗe, wata faffaɗa kamar ganye, wata siririya. Akwai igiyar ɗaure dantse don jijiya ta taso, da auduga, da garin tsayar da jini. Wanda ke cire haƙori yana riƙe da awartaki ƙarami. Akwai wani ƙarfe da Zahrawi ya siffanta wanda ake kira gatari, na buɗe jijiyar goshi: a ɗora bakinsa a kan jijiyar, a buge shi da mataji ko makamancinsa, jini ya fito.

Baƙin ƙarfe tsatsa ke cinye shi a cikin ƙasa, shi ya sa abin da masu tonon kufai suka fi samu shi ne ƙananan kayan tagulla irin su hantsaki da muciyar kwalli. Siffar sauran kayan daga littattafai ake samunta.

Da wane ƙarfe ake ƙera su, kuma a ina?

Andalus ƙasar maƙera ce. Idrisi, wanda ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, ya ambaci aikin ƙarfe a tsibirin Shalɗish kusa da gaɓar tekun kudu maso yamma, da kayan tagulla da na ƙarfe da ake yi a Almariya. Ibn Sa'id, marubucin ƙarni na 13, ya yabi tataccen ƙarfen Ishbiliya da cewa ya kai matuƙa, ya kuma ce a Mursiya ana yin wuƙaƙe da almakasai masu ruwan zinariya, na kayan amare da na sojoji, har ana fitar da su zuwa Afirka ta Arewa. Wato almakashi mai kyau yana cikin abin da ake kai amarya da shi. Ga aikin da ke son tauri na musamman, kamar magagarin haƙori, Zahrawi yakan ce a yi shi da ƙarfen Hindu.

A ina wanzami yake aiki?

A rumfarsa ta kasuwa, a gidajen mutane idan an kira shi suna ko kaciya, sai kuma gidan wanka, wanda nan ne cibiyar sana'ar. Marubutan tarihi sun ƙirga gidajen wanka ɗaruruwa a Kurɗuba zamanin halifanci a ƙarni na 10, kuma wasu na Andalus suna nan tsaye har yau: na fadar halifofi a Kurɗuba, na birnin Jayyan, na Runda, da wanda ke bakin rafin Daro a Garnaɗa. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ɗakin tuɓe kaya, ɗaki mai sanyi, ɗaki mai ɗumi, sai ɗaki mai zafi wanda ake hura wuta a ƙarƙashin daɓensa, da ƙananan tagogi masu siffar taurari a rufin.

Dalilin zaman wanzami a nan a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa riƙe aska: tururi yana tausasa gashi da fata, aska ta bi ba gardama, jini kuma ya taso saman jiki, ƙaho ya fi ja. Mutum ya shiga da safiyar Juma'a, a cuɗa shi, a goge masa kaushin ƙafa da dutse, a gyara masa kai da gashin baki, ya fito ya wuce masallaci. Ibn Sa'id ya ce a cikin mutanen Andalus akwai wanda ba shi da komai sai kuɗin abincin yini, amma ya gwammace ya kwana da yunwa ya sayi sabulun wanke tufafinsa. A irin wannan gari wanzami ba ya rasa kasuwa.

Mazansu suna aske gemu?

Abin da aka sani ga mazajen kirki shi ne barin gemu da gyara shi. Ibn Hazm na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan aske gemu gaba ɗaya ɓata halitta ne. Alƙali Iyal na Sabta, mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, ya karhanta aske shi amma ya ga kyawun rage tsawonsa da faɗinsa. Gashin baki kuwa, Imamu Malik bai yarda a kwashe shi tas ba. A rage shi ne har gefen leɓe ya bayyana. Saboda haka a fuska almakashi ya fi aska aiki. Aska ta fi yawo a kai da ƙeya da wuya, da gashin mara wanda mutum ke yi wa kansa, bisa hadisin abubuwa biyar na fiɗira: kaciya, aske mara, rage gashin baki, yanke farce da tsige hammata, waɗanda, ban da kaciya, ba a so a bar su su wuce kwana 40.

Wane ne Ziryab, me ya haɗa mawaƙi da aski?

Sunansa Ali ɗan Nafi'u. Ya taso a Bagadaza, ya iso Kurɗuba a 822 zamanin Sarki Abdurrahman na Biyu, ya rasu wajen 857. Makaɗi ne, amma ya zama wanda gari ke kwaikwayo a sutura da abinci da gyaran jiki. Marubutan Andalus sun ce kafin zuwansa maza da mata suna barin gashi ya yi tsawo, su raba shi a tsakiyar kai, ya rufe kunnuwa. Da suka ga yadda shi da iyalinsa suke yi, sai aka koma yanke gashin gaba daidai da gira, a kewaye kunnuwa su fito. Shi ne kuma aka ce ya koya musu shafa wani ma'adini a hammata don kashe warin gumi. Irin wannan gyaran kai ba ya yiwuwa sai da hannu mai saiti da almakashi mai kaifi, kuma sai an riƙa komawa a kai a kai, don haka ya ƙara wa wanzaman birni aiki da daraja.

Mata fa, da me suke cire gashin jiki?

Mata suna da ranakunsu ko sa'o'insu a gidan wanka, kuma mata ne ke yi musu hidima a ciki. Maimakon aska sun fi amfani da haɗin da ake kira nura, wato ƙonannen dutsen farar ƙasa da wani ma'adini rawaya mai suna zarnihi. A kwaɓa, a shafa, a jira kaɗan, a wanke, gashin ya bi ruwa. Maza ma suna shafawa. Haɗin yana ƙone fata idan ya jima, zarnihin kuma guba ne, saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ce zai gwada. Bayan nan sai lalle, kwalli, man wardi, da yumɓun wanke kai da har yau ake haƙowa a Maroko. Zahrawi ya ware kashi na 19 na littafinsa ga magungunan ƙawa, ciki har da rinin gashi da abin cire shi. A wurinsa gyaran jiki reshe ne na likitanci.

Yaya suke yin ƙaho, kuma ya bambanta da huda jijiya?

Ya bambanta. Huda jijiya ana buɗe jijiya guda ne, galibi a gwiwar hannu, jini ya zuba da yawa. Ƙaho kuwa fata ake tsagawa sama-sama a ja jinin da ke kusa. Likitancin wancan zamani ya ginu a kan cewa jiki na da ruwaye huɗu, jini da majina da ɗaci rawaya da ɗaci baƙi, kuma cuta na zuwa idan ɗaya ya rinjayi saura, sai a rage shi. Ilimin likitanci na yau ya bar wannan fahimta. Abin da ya ƙara wa ƙaho gindin zama a wurin Musulmi shi ne Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi shi.

Zahrawi ya ce ana yin mazuƙin da ƙahon dabba, ko itace, ko tagulla, ko gilashi. Akwai wanda ake kafawa da tsaga, akwai wanda ake kafawa ba tsaga. Akwai na zuƙa da baki, akwai na wuta, inda ake kunna ɗan lagwani a ciki kafin a kifa shi. Ya lissafa wuraren kafawa, daga ƙeya da tsakanin kafaɗu da gefen wuya har zuwa sangali da idon sawu, ya kuma ce a fara kafa ƙahon a bushe har wurin ya yi ja kafin a tsaga. Game da yawan jinin da aka yarda a ɗiba, duba amsar da ke kan muhtasibi.

Wane ne Zahrawin nan da ake ta ambata?

Abul Ƙasim Halaf ɗan Abbas, an haife shi wajen 936, ya rasu wajen 1013, ana danganta shi da Madinatuz Zahra, birnin halifa kusa da Kurɗuba. Littafinsa Attasrif kashi 30 ne. Na ƙarshen a kan aikin hannu yake, wato lalas da yanka da ɗori, kuma a ciki ya zana kayan aiki kusan 200. An fassara wannan kashi zuwa Latin a Ɗulaiɗila a ƙarni na 12 ta hannun Jerad na Kiremona, ya zama littafin koyarwa a makarantun likitanci na Turai tsawon ƙarnoni. A can ma, bayan da majalisar coci ta 1215 ta hana manyan limaman Kirista aikin yanka da lalas, wanzamai ne suka riƙe yawancin ƙananan ayyukan tiyata.

Zahrawi likita ne, ba wanzami ba, amma ya san aikinsu ciki da waje, kuma bai ɓoye damuwarsa ba. A babin cire haƙori ya yi gargaɗi kada a yi gaggawa irin ta jahilan masu ƙaho, waɗanda ke karya haƙori su bar saiwarsa a ciki, wani lokaci su fasa ƙashin muƙamuƙi. A babin beli ya ce kada a taɓa shi sai ya kumbura ya yi tsawo kuma zafin ya lafa, sannan kada a yanke sai abin da ya ƙaru, domin wuce gona da iri yana ɓata murya da magana. Wannan magana ta fi shekara dubu, kuma tana da amfani ga duk gidan da ake kai jariri mai lafiya a cire masa beli.

Da aska suke yin kaciya?

Da yawansu da aska suke yi. Zahrawi ya ce ya tarar masu sana'ar suna amfani da aska, da almakashi, da gululun mazari, da ɗaurin zare, har da farce. Ya gwada hanyoyin duka, ya zaɓi almakashi da zare. Hujjarsa ita ce fatar ninki biyu ce, aska takan yanke ta sama ta ciki ta zille, sai an sake yanka na biyu, yaro ya sha azaba sau biyu. Shi kuwa sai ya ɗaure wuri biyu da zare, ya yanka a tsakani da almakashi mara tsini a baki.

Abin da ya fi taɓa zuciya a babin shi ne yadda ya ce a bi da yaron. A lallashe shi, a nuna masa zare kawai za a ɗaura, a faranta masa rai, a ɓoye almakashin a hannun riga ko ƙarƙashin ƙafa don kada idonsa ya faɗa kan ƙarfe ko ɗaya. Babban likitan birnin halifa ya ɗauki tsoron yaro ƙarami a matsayin abin da ya kai a rubuta a littafin tiyata. Game da shekaru, Malikiyya sun fi son a yi kaciya daga lokacin da ake umartar yaro da salla, wato shekara 7 zuwa 10. Askin jariri kuwa ranar bakwai ne, a yi sadaka da nauyin gashin na zinariya ko azurfa.

Akwai hukumar da ke sa wa wanzamai ido?

Akwai, ita ce hisba, mai riƙe da ita shi ne muhtasibi ko mai kasuwa. Ibn Abdun ya rubuta littafin hisba na Ishbiliya a farkon ƙarni na 12, zamanin Murabiɗai. Ya ce mai ɗibar jini kada ya zuba shi sai a cikin mazubi na musamman mai alamun awo, don ya ga abin da ya fitar da idonsa, domin ɗiba da ƙiyasi tana kai mutum ga ciwo ko mutuwa. Ya ce wanzami kada ya keɓe da mace a rumfarsa, ya yi aikinsa a fili inda ake ganinsa. Ya ce shi da mai tausa da mai hidimar gidan wanka kada su yi yawo a ciki ba wando ko gyauto. Saƙaɗi na Malaƙa, wanda ya zo bayansa, ya umarci ma'aikatan gidan wanka su kwanar da duwatsun goge ƙafa cikin ruwan gishiri kowane dare, su wanke gyautansu da sabulu kowace yamma.

A gabas littattafan hisba sun ƙara da jarrabawa. Shaizari na Sham ya ce a manna takarda a kan tubali a ce wa mai ƙaho ya tsaga. Idan askar ta ratsa takardar, hannunsa ya yi nauyi. Mai koyon huda jijiya ya yi ta gwaji a kan jijiyoyin ganye har hannunsa ya faɗa. Wanzami kuma kada ya ci albasa ko tafarnuwa ranar aikinsa, tunda numfashinsa na kan fuskar mutane.

Suna tsabtace aska tsakanin mutum da mutum?

Suna wankewa, suna wasawa, suna kare ta daga tsatsa, kuma likitocinsu suna wanke rauni da ruwan gishiri ko ruwan tsami. Amma sanin cewa ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani suna bin jini daga jiki zuwa jiki sai a ƙarni na 19 ya tabbata. Wanda ya ɗauki al'adarsu ta aska ɗaya ga mutane da yawa a yau ya jefa jama'a cikin haɗarin ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Mutanen da suka tilasta awon jini da jiƙa dutsen goge ƙafa cikin gishiri, da sun san abin da muka sani, ba za su bari a maimaita reza ba.

Wanzami yana da daraja a cikinsu?

Kowa yana bukatarsa, amma ba a sa shi sahun likita ko malami ba. Masu ƙaho musamman ana ganinsu ƙasa-ƙasa saboda hulɗa da jini, kuma akwai hadisin da ya kushe abin da suke samu. A gefe guda ya tabbata cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi ƙaho kuma an biya shi, da wannan jumhurin malamai suka halatta ladan. A ganina an tauye su. Talakan da ba ya iya kiran likitan fada, wurin wanzami yake kai ciwon haƙorinsa da maruru da ɗansa da za a yi wa kaciya.

Me ya sami sana'ar bayan faɗuwar Garnaɗa?

Ta zama abin tuhuma. An tilasta wa Musulmin da suka rage shiga Kiristanci, kotun binciken addini ta riƙa ɗaukar yawan wanka da kaciya a matsayin shaidar cewa mutum yana Musulunci a ɓoye. Masu kaciya suka koma yawo gari-gari a asirce, wanda aka kama ya sha hukunci mai tsanani. A 1567 dokar Sarkin Sifen Filibus na Biyu ta haramta gidajen wankansu tare da harshen Larabci da suturarsu. Wani dattijonsu, Faransisko Nunez Mule, ya rubuta takardar koke yana kare wankan da cewa al'adar ƙasa ce da tsabta, ba a saurare shi ba. Tawaye ya ɓarke a tsaunukan Albusharat daga 1568 zuwa 1571, sannan aka kore su baki ɗaya tsakanin 1609 da 1614. Da yawa suka ƙetara zuwa Fas da Tiɗwan da Tilimsan da Tunis da sana'o'insu.

Akwai alaƙa tsakanin wannan da wanzancin ƙasar Hausa?

Alaƙar da ta tabbata ta littafi ce da mazhaba. Muwaɗɗar da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, malamin Kurɗuba da ya rasu a 848. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wadda ke da babi guda a kan fiɗira da kaciya da aski, ita ce a hannun ɗalibin can da na nan. Shi ya sa ayyukan suka zo iri ɗaya: askin suna ranar bakwai, kaciya idan yaro ya tasa, ƙaho a ƙeya da gadon baya, duk a hannun mutum guda. Tsagar gado ta fuska da sarautar Sarkin Aska kuwa namu ne.

Hasan Alwazzan, wanda aka haifa a Garnaɗa ya tashi a Fas, kuma ya yi rubutu a kan Kano da Katsina da Gobir da Zazzau a littafin da ya kammala a 1526, ya ba da labarin wanzaman Fas. Ya ce suna biyan mai gidan wanka wani abu don su ajiye kayan aikinsu a can su yi sana'a. A bikin kaciya kuma, bayan an ci abinci, kowane baƙo yakan fito da kuɗinsa gwargwadon ƙarfinsa ya liƙa a fuskar yaron wanzami, sai a faɗi sunan wanda ya bayar, a yi masa godiya a gaban jama'a.